Sabuwar waya, tsohon layi: abin da ke hana kira ta Wi-Fi tashi bayan an yi canji

Kawuna ya yi shekaru masu yawa a Greensboro, garin da ƴan Nijar suka cika a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Da ya tattara ya dawo Yamai ya zauna a Bukoki, bai yar da layinsa na can ba. Bankinsa da wannan lambar ya san shi, ita yake turo wa lambobin sirri duk lokacin da za a taɓa kuɗi, ƴaƴansa biyu da suka rage can kuma ita suke bugawa. Shekara uku layin yana aiki a falonsa. Wayar ta kama Wi-Fin gida, sunan kamfanin ya fito a sama da kalmar Wi-Fi a gefensa, kira ya shigo tamkar mutum yana zaune a Amurka.

Sai zafin bazara ya kumbura batirin tsohuwar wayar har bayanta ya ɗaga. Kawu ya tafi wajen Babbar Kasuwa, ya ba da ita, ya yi ciko, ya karɓi sabuwar Samsung. Yaron shagon ya kwashe masa komai a cikin sa'a guda: hotuna, lambobi, karatun malaman da yake saurare. Da magariba ya kira ni ta layinsa na nan, muryarsa ba daɗi. "Ɗana, zo ka duba mini. Komai ya taho, layin ne kawai ya mutu." Na same shi a kan darduma, ya cire tabarau, yana juya wayar a hannu. Wi-Fi a cike yake, bidiyo yana tafiya ba tsayawa, amma ko wurin da ake kunna kira ta Wi-Fi babu shi a cikin saitin. Tsohuwar wayar kuwa an riga an goge ta an sayar tun la'asar.

Abin da ya faru da shi yana faruwa da mutane da yawa, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake kuskure: a bar jaki a koma dukan taiki. A zagi wayar, a ce ta jabu ce, ko a zagi Wi-Fi, ko a kai wa mai gyara ya yi mata filas, wato ya sake zuba mata manhaja. Alhali kira ta Wi-Fi ba kaya ba ne da ke zaune a cikin waya balle a kwashe shi tare da hotuna. Izini ne da kamfanin layi yake bayarwa, kuma sai abu uku sun yi daidai kafin ya bayar: layin, wayar da aka saka layin a ciki, da hanyar intanet ɗin da za a bi. In ka canza waya ka taɓa ɗaya daga cikin ukun nan, dole a sake neman izinin daga farko.

Ya kamata a fara raba shi da WhatsApp, don a nan ake yawan cakuɗa su. Kiran WhatsApp, wanda aka fara a 2015, yana buƙatar kai da wanda kake kira ku mallaki manhajar, ku biyun kuma kuna da intanet. Kira ta Wi-Fi kuwa, wanda wayoyinmu masu Faransanci suke rubutawa Appels Wi-Fi, kiran layi ne na yau da kullum. Da lambarka yake fita, daga kuɗin layinka ake cira, kuma yana iya kaɗa ƴar ƙaramar waya mai maɓalli a hannun tsohuwa a ƙauyen Bouza wadda ba ta taɓa ganin intanet ba. Bambancin kawai shi ne muryarka ba ta hau eriyar kamfani ba, ta bi ta akwatin Wi-Fi. Saƙon SMS ma yana iya biyo wannan hanya, shi ya sa lambobin banki suke samun Kawu a Bukoki.

Yadda abin yake tafiya a ciki ya cancanci a tsaya a kansa, don wanda ya gane shi ya gama rabin gyara. Kowane kamfanin da ke ba da wannan hidima yana da wata ƙofa a intanet da injiniyoyi suke kira ePDG. Da wayarka ta kama Wi-Fi, sai ta karanta lambobi biyu daga cikin sim, ta ƙasa da ta kamfani, ta haɗa adireshin ƙofar da su. Lambar Nijar a wannan tsari 614 ce, ta Najeriya 621, ta Faransa 208. In ta sami ƙofar sai ta yi sallama. Ƙofar ba ta tambayar sunanka, wani lissafi take jefo wa sim ɗin, wanda ba mai iya warware shi sai sim na gaskiya, saboda mabuɗin sirrin da aka binne a cikinsa tun daga masana'anta. Amsa ta yi daidai, sai a shimfiɗa wata rufaffiyar hanya tsakanin wayar da kamfanin, wadda ko mai Wi-Fin ba ya iya jin abin da ke wucewa a ciki. Bayan nan akwai mataki na ƙarshe: wayar ta yi rajista a cibiyar kiran kamfanin ta zamani, wadda ake kira IMS. Sai wannan rajistar ta tabbata kake ganin alamar a saman fuska. Duk wannan a cikin daƙiƙoƙi yake faruwa, kuma a kowane mataki ana iya cijewa ba tare da wayar ta gaya maka a ina ba. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ba ni haushi a tsarin gaba ɗaya. Da wayoyi suna rubuta “kamfani ya ƙi” ko “hanya a toshe take”, da an huta da asarar kuɗi mai yawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Orange ta gwada irinta a Faransa a 2006 da sunan Unik, T-Mobile ta yi a Amurka a 2007, amma ba ta bazu ba sai da Apple ta saka ta a cikin iOS 8, manhajar iPhone, a 2014.

Tambayar farko, wadda mutane suke tsallakewa su tafi neman maɓalli, ita ce: shin kamfanin layin nan ya buɗe wannan ƙofa, kuma ya buɗe ta ga irin layina? Kamfanoni huɗu ne ke aiki a ƙasar nan ƙarƙashin kulawar hukumar ARCEP: Airtel, Moov Africa, Zamani da ta gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecom da aka samar a 2016 daga haɗewar Sonitel da Sahelcom. Kowane kamfani, a nan ko a waje, shi yake yanke wa kansa shawarar kafa IMS da ePDG, kuma ganin 4G a saman waya ba ya nufin an kafa su. Akwai gwaji mai sauƙi. Kashe Wi-Fi, ka buga kira, ka sa ido a kan alamar 4G. In ta faɗo zuwa 3G ko H ko E da zarar kiran ya fara, to muryarka ta tsohuwar hanya take bi, layin bai hau VoLTE ba, wato kira ta 4G. VoLTE da kira ta Wi-Fi ɗaki ɗaya suke kwana, IMS ɗin nan ce uwarsu, kuma yawanci inda babu na farko da wuya a sami na biyu. In za ka tambaya a ofishin kamfani, kada ka ce “wayata ba ta kira da Wi-Fi”, don za a iya ɗauka WhatsApp kake nufi. Ambaci sunan abin: VoWiFi, ko Appels Wi-Fi. Ka tambaya ko akwai shi, ko an kunna shi a kan lambarka, ko samfurin wayarka yana cikin waɗanda suka amince da su. In amsar farko babu ce, magana ta ƙare, ba mai gyaran da zai ƙirƙiro ƙofar da ba a gina ba.

Shi Kawu wannan tambayar ba ta shafe shi ba, tunda shekara uku yana amfani da abin. Matsalarsa a ɓangare na biyu take, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu canza waya a Yamai suke faɗawa, saboda irin hanyar da wayoyi suke biyowa kafin su iso mu. Wata daga Dubai, wata daga Sin, wata daga Faransa ko Amurka bayan wani ya yi amfani da ita, wata ta Legas ko Kano. Suna ɗaya a kwali, ciki kuwa kowace da ƙasar da aka shirya ta dominta. Mai ƙera waya yana zuba mata bayanan kamfanonin yankin da za a sayar da ita: wane kamfani ke da VoLTE, wane ke da kira ta Wi-Fi, yaya ake gaisawa da ƙofarsa. In ka saka sim ɗin da wayar ba ta da bayaninsa, za ta yi kira da intanet ta hanyar da kowa ya sani, amma ta ɓoye maɓallin kira ta Wi-Fi ɗungurungum. A Samsung wannan bayanin yana rataye da wasu haruffa uku na yanki da ake kira CSC. Lambar samfurin ma tana tona asiri: a manyan wayoyinsu na jerin S, wadda ta ƙare da U ko U1 ta kasuwar Amurka ce, wadda ta ƙare da B ta Turai ce da sauran ƙasashe da dama. Na buɗe saitin wayar Kawu, na gangara wurin bayanin waya, sai ga B.

Akwai kuma shinge na biyu daga wajen kamfani. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15, IMEI, wadda za ka gani in ka danna *#06#. Takwas na farko suna faɗin ainihin samfurin. Wasu kamfanoni, musamman na Amurka tun da suka rufe 3G a 2022, suna duba waɗannan alƙaluma, in samfurin ba ya cikin jerinsu su ƙi yi masa rajista ko da wayar ta iya komai. Kamar maigadin da ya san Alhaji sarai, amma an ba shi umarni kada ya buɗe wa motar da lambarta ba ta cikin littafi.

Washegari Kawu, kafin in iso, ya riga ya leƙa wurin wani mai gyara a bakin titi. Yaron mai ladabi ne, ya ce, “Baba Alhaji, filas za a yi mata, jika biyar, zuwa azahar ka karɓa.” Allah ya sa Kawu ya ce sai ya yi shawara. Ba ina kushe masu gyara ba ne, da yawansu sun fi ni sanin cikin waya nesa ba kusa ba, kuma su ne suke raya wayoyin da a wata ƙasa da tuni an zubar. Amma a wannan matsala filas yakan zama gyaran gangar Auzinawa. Samfurin B da samfurin U ba manhaja ce kaɗai ta raba su ba, ba a zuba ta ɗaya a cikin ɗaya. In kuma aka ɓalle makullin wayar aka zuba mata manhajar da ba ta kamfanin ba, akwai wani tsaro a Samsung mai suna Knox da yake yankewa sau ɗaya, ba ya komawa, daga nan wasu manhajojin kuɗi su daina yarda da wayar. Garin neman gira a rasa ido. Kuma ko an yi nasarar fito da maɓallin, alƙaluma takwas ɗin nan suna nan yadda suke. Haka lambar da ake yawo da ita ta wayoyin Xiaomi da Redmi, *#*#869434#*#*, gaskiya ce tana fito da maɓallin da aka ɓoye, amma maɓalli kawai take fitarwa, ba ta sa kamfani ya amince.

Ba kowa ne tasa ta kai ta Kawu tsanani ba. Mafi yawan lokuta ƙaramin abu ne, kuma kafin a kashe ko dala ya kamata a bi su. Kwashe kaya daga tsohuwar waya ba lallai ya kunna maɓallin a sabuwa ba, sau da yawa a kashe yake zuwa. A iPhone yana cikin Réglages, wurin Données cellulaires, ƙarƙashin layin da kake so. A Samsung yana cikin Paramètres, wurin Connexions, ko cikin saitin manhajar kira. A Tecno da Infinix da sauransu yana wurin saitin sim, kuma mai sim biyu sai ya kunna wa kowane layi nasa daban. Layukan Amurka suna da ƙarin sharaɗi: sai ka rubuta adireshin gida na can wanda masu agajin gaggawa na 911 za su nufa, in ba haka ba maɓallin ya ƙi zama, ka kunna ya koma da kansa. Wata malamar makaranta maƙwabciyarmu mai layin Faransa ta kwana biyu tana fama da sabuwar iPhone, ashe sabunta bayanan kamfani kawai take jira. Na ce, “Malama, shiga Général, ki taɓa Informations, ki ɗan dakata.” Ba a yi rabin minti ba saƙon sabuntawa ya fito, ta amince, abin ya tashi. A wannan shafin dai, in ka taɓa layin da aka rubuta sunan kamfani, zai juya ya nuna maka halin IMS, ko murya da SMS sun yi rajista. A nan ne kuma ake ganin ko wayar a ɗaure take da wani kamfani. Wayar da aka ɗaure, aka yi mata dabarar ɗan siririn faranti a ƙarƙashin sim don ta karɓi layin da ba nata ba, kada a yi mamaki in irin waɗannan hidimomi sun ƙi aiki a kanta. A wayoyin Android da yawa, ban da Samsung, danna *#*#4636#*#* yana buɗe shafin da ke nuna halin IMS ɗin.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na alamar jirgi. Kunna ta, duk eriya ta yanke, sannan ka kunna Wi-Fi shi kaɗai, ka jira minti ɗaya ko biyu. Yanzu wayar ba ta da wata mafita sai ƙofar kamfani. In alamar ta fito kuma kira ya tafi, komai lafiya yake, abin da ke faruwa kawai shi ne wayar tana fifita eriya duk lokacin da ta ga ko sanda ɗaya, sai ka nemi wurin zaɓi ka ce ta fifita Wi-Fi in wayarka tana da shi. In ba ta fito ba, ɗauki wayar ka je wani gida mai wani Wi-Fi ka maimaita. Ta yi a can ba ta yi a gidanka ba, laifin hanya ne. Ta ƙi a ko'ina, saka sim ɗin a tsohuwar waya. Ta yi a tsohuwa, laifin sabuwa ne. Ta ƙi a duka biyun, magana ta koma kan layi. Da gwaji uku ka ware mai laifi, amma na ukun sai tsohuwar waya tana hannunka, abin da Kawu ya rasa ke nan. Mayar da saitin sadarwa yadda ya fito daga kamfani ma yana taimakawa wani lokaci, sai dai a sani a wayoyi da yawa yana goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da wayar ta haddace, a rubuta su tukuna.

Shi kansa sim ɗin yana tsufa. Akwai dattawa a garin nan da har yau suke riƙe da wanda suka saya tun ana Celtel, kafin a koma Zain a 2008, kafin Airtel a 2010. An yanke shi da almakashi sau biyu don ya shiga ƙaramin rami, gefensa duk ya cinye. Irin wannan tsohon sim na zamanin 2G bai san lissafin da ƙofar take tambaya ba. Maganinsa a je ofishi da katin shaida a sake sabo a kan lambar nan dai. Masu eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, tasu ta fi sarƙaƙiya. Sau da yawa hoton lambar QR da aka ba ka don sauke layin sau ɗaya yake aiki, kuma in ka goge layin daga tsohuwar waya kafin ya zauna a sabuwa, wataƙila kamfanin ya ce zai turo lambar tabbatarwa ta SMS zuwa layin da ka riga ka kashe. Mai zaune a Yamai da layin wata nahiya ya shiga tsaka mai wuya ke nan. A tuna kuma iPhone ɗin kasuwar Amurka, daga 14 da ta fito a 2022 zuwa sama, ba ta da ramin sim ko kaɗan.

Sai hanya. Rufaffiyar hanyar nan tana bi ta mashigai biyu a cikin akwatin Wi-Fi, masu lamba 500 da 4500 na UDP. Akwatin gida yawanci a buɗe yake barinsu. Ofisoshi, bankuna, otal da ƙungiyoyi kuwa sukan toshe duk abin da ba su san shi ba, shi ya sa mutum zai ga abin yana yi a gida, ya je wurin aiki ya ɓace. Maganar mai kula da kwamfutocin wurin ce, ka faɗa masa lambobin biyu zai gane. Wi-Fin unguwa da ake sayen tikiti, na awa ko na yini, shi ma yana da nasa hali: wayar tana nuna ta kama, amma ba abin da ke wucewa sai ka buɗe shafin ka zuba lambar tikiti, kuma da lokacinka ya cika kiran zai yanke a tsakiyar magana. VPN, manhajar nan mai ɓoye inda kake a intanet, da matasa suke bari a kunne dare da rana, yana iya karkatar da hanyar ko ya sa kamfani ya ga kamar daga wata ƙasa kake. A kashe shi lokacin gwaji. A duba agogon wayar ma, a bar shi yana saita kansa, don kwanan wata da ya kauce yana ɓata tantancewar tsaro.

Murya ba ta cin intanet da yawa, minti guda bai cika wuce mega ɗaya ba. Abin da take ƙi shi ne jinkiri da tsalle-tsalle. Ƙa'idar ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce in jinkirin tafiya ɗaya bai wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa ba, masu magana ba sa jin komai. Da ya yi nisa da haka sai ku fara taka maganar juna. Saboda haka gidan da yara biyar suke kallon bidiyo a akwati ɗaya, ko da gwajin sauri ya nuna lamba mai kyau, kira zai riƙa kakkaryewa. Akwatunan yanzu suna watsa zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri da tsabta amma ba ya son bango, na 2.4 ya fi ratsa gini ya kai tsakar gida. Gidajenmu na bulo da siminti, da ƙofofin ƙarfe da rufin kwano, su ne suke hana eriyar waje shigowa tun farko, su ne kuma suke datse Wi-Fi tsakanin falo da ɗakin baya. In an ɗauke wuta akwatin ya mutu, layin da ya dogara da shi ya mutu tare da shi, sai in an haɗa masa ɗan batiri ko hasken rana.

Batun kuɗi kuwa ina roƙon masu layin waje su karanta shi sau biyu. Kira ta Wi-Fi yana ɗaukarka kamar kana ƙasar layin. Kawu in ya kira ɗansa a Greensboro, kamfaninsa kiran cikin gida yake lissafa masa. In ya manta ya kira maƙwabcinsa mai lambar +227 da wannan layin, an rubuta masa kiran ƙasa da ƙasa daga Amurka zuwa Nijar, ko da bango ɗaya ne tsakaninsu. Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa: sabuwar waya tana iya ɗaukar layin wajen ta ɗora shi a kan eriyar wani kamfani na nan a matsayin baƙo, kira ya shigo lafiya lau, kai kana murna abin ya gyaru, ashe kuɗin baƙunta ake yanka. Kafin ka ɗaga ko ka buga, dubi saman fuskar ka tabbata kalmar Wi-Fi tana gefen sunan kamfanin. Ba kowane kamfani ne ma yake barin a yi amfani da hidimar daga wajen ƙasarsa ba, wasu da sun ga adireshin intanet ɗin na waje ne suke rufe ƙofa. Abu ɗaya kuma da ba na sassautawa a kansa: kiran gaggawa. Ƴan sanda 17, ƴan kwana-kwana 18, da layin gida ake kiransu. Layin waje da ke tafiya ta Wi-Fi yana iya kai kukanka wata ƙasa.

Masu sim biyu suna da wata sauƙaƙa da ba kowa ya sani ba. A iPhone, da wasu wayoyin Samsung da Pixel, in layi ɗaya ya rasa eriya kuma an kunna masa kira ta Wi-Fi, yana iya aron intanet ɗin ɗaya layin ya bi ta kansa. Wato layinka na nan ya ɗauki na waje a baya, kana cikin mota a hanyar Dosso ba tare da wani akwati ba. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025 kuma, an sami wuraren da intanet ya riga eriya isa, rugage da ƙauyukan arewacin Tahoua da mutum yake hawa tudu neman sanda ɗaya. A irin waɗannan wurare ne wannan hidima za ta fi amfani, fiye da falon Yamai, kuma shi ya sa nake ganin ya dace masu layi su riƙa tambayar kamfanoninsu ita da sunanta, har a san ana bukata.

Ranar Asabar muka koma kasuwa ni da Kawu. Mai shagon bai yi gardama ba, don wayar ko ƙwarzane ba ta yi, kwalinta ma yana nan. Ya ce, “Alhaji, da ka faɗa mini layin Amurka ne da ban ba ka wannan ba.” Ya aika yaro shagon ɗan'uwansa, aka zo da irinta mai U1, wadda aka taɓa amfani da ita amma ba a ɗaure take ba. Wannan karon ban bari an kwashe ko hoto ɗaya ba. Na saka sim, na roƙi mai shagon kalmar sirrin Wi-Finsa, na kunna alamar jirgi. Maɓallin yana nan. Na taɓa shi, shafin adireshin gaggawa ya buɗe, Kawu ya karanto mini na gidan babban ɗansa daga wata ƴar takarda da ke cikin aljihun gaban rigarsa. Muka tsaya mu uku muna kallon saman fuskar, hayaniyar kasuwa tana ta tafiya a waje. Da alamar ta fito, saƙonnin banki na kwana biyar suka shigo a jere. Kawu ya duba agogo, ya lissafa awa biyar da ke tsakaninmu da su a wannan lokaci na shekara, ya ce yanzu sun idar da asuba. Ya buga, aka ɗauka a ƙara na biyu, sannan ya zaro kuɗin ciko ya ƙirga wa mai shago.